Banda a Digiri Tamanin

Wani ne a nan Diffa, irin mutanen nan da za ka yi tafiyar shekara bakwai ka dawo ka tarar da su kan bencin da ka bar su, cikin rigar da ka bar su, suna ba da labarin ƙasashen da kai ka je. Iyakar tafiyarsa Maine-Sorowa, ita ma jana'iza ce ta kai shi. Amma ya taɓa yin gadi a wani furoje na masu agaji. Wata rana aka rasa wanda zai cike kujera, aka shigar da shi formasiyo, wato horo, ta kwana uku kan sarrafa kifi a zamanance. Kwana biyu ya yi yana gyangyaɗi a sanyin ɗakin, rana ta uku aka miƙa mashi takardar shaida mai tambari. Ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye ta a falo. Tun daga ranar bai ƙara cewa "ina jin" ba, sai "mu a fanninmu".

A gidansa akwai surukarsa, Ya Falmata, wadda ta zo daga Baroua shekarar da mutane suka watse saboda rikici, ta zauna a ɗakin baya. Sana'arta banda. Shekara talatin tana yi. Murhunta rabin gangar ƙarfe ne guda biyu da raga a kai, a bayan gida. Ta lanƙwasa tarwaɗa, ta soke da tsinke, ta jera, ta miƙa bayan hannunta bisa ragar ta ce a ja itace ɗaya, ko a ƙara ɗaya. Ba ta taɓa ƙona ko wutsiya ba. Duk Talata, ranar kasuwa, Alhaji Maikano mai kai kaya Damagaram zai tsayar da babbar motarsa a ƙofar gida, ya ɗauki kwali uku, ko buɗewa ba ya yi. Da wannan kwali uku ake dafa tuwo a gidan, ko da yake mutumin namu a waje cewa yake shi ke riƙe da tsohuwar. Alhaji kuwa ya faɗa tun farko, ba ɓoye-ɓoye: Talatar da ya zo bai samu kaya ba, sai ya matsa ƙofar gaba, wurin Habiba, ita ma mai banda. Ita Habiba ta daɗe tana jiran wannan Talatar.

Abin da ke ci wa mutumin rai shi ne hayaƙi. Ya shiga rigarsa, ya shiga hularsa, ya shiga har cikin gilashin takardar shaida. In ya je fadar shayi, abokinsa Alasan sai ya matsa ya ce a ba Injiniya wuri, kuma a ba kyanwowin da suka rako shi wuri.

Da furojen ya rufe, aka raba kujeru da tebura, aka bar wani injin banda na lantarki da ba wanda ya nema. Akwati ne na ƙarfe mai tsawon firigo, wato firji, da raga hawa huɗu a ciki, da ƙarfen zafi a ƙasa. Maɓallin da ake murɗa zafin ya karye tun kafin a taɓa sa mashi kifi. Mutumin ya ɗoro shi a amalanke, ya bi ta gaban fada da gangan, ya kai shi shagon Ishaku mai gyaran firigo.

Ishaku ya duba ya ce maɓallin ba a samunsa ko a Damagaram. Amma yana da wata ƴar na'ura da ya cire daga mataccen injin ƙyanƙyasar ƙwai na wani mai kaji. Ƙaramar aba ce kamar sabulun wanka, tana nuna lamba da jan haske, ga waya ta fito daga jikinta mai kan ƙarfe kamar ƙwallon dabino. Ya ce wannan kan ƙarfen shi ke jin zafi. In zafin bai kai lambar da aka saita ba, na'urar ta kunna wuta. In ya kai, ta kashe. Ya haɗa wayoyi, ya ɗaure ta a jikin injin, ya zura kan ƙarfen ciki. Sannan ya ce, "Shef, a nawa zan saita maka?"

Mutumin ya dube shi kamar ya zage shi. Ya ce shi da aka ba takarda, mai gyaran firigo ne zai saita mashi?

Ishaku ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya koma kan firigonsa.

Ran Juma'a aka aiko cewa ƙanwar Ya Falmata ta rasu a Sayam. Lokacin bazara ne, ruwan kogin Komadugu ya janye, kifi ya taru a gurabe, masunta suna kwasa. Da safiyar nan aka kawo mata tarwaɗa masu rai, baho uku cike, suna ta bugun ruwa. Ta dubi bahunan, ta dubi ɗiyarta Zuhura, matar mutumin, ta ce baho ɗaya kowace rana, Asabar, Lahadi, Litinin, a canza masu ruwa safe da yamma. Ta ɗaura mayafi ta hau mota. Surukin nata yana tsaye yana ta "Allah ya jiƙan rai", amma idonsa yana bayan gida.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba ya kira ƴan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Suka kwashe gangunan biyu da ragunansu. Itacen da tsohuwar ta tara ya ba mai gasa nama na bakin titi kyauta, wai sadaka ga mamaciya. Ya sa aka share wurin, aka girke injin a tsakiyar rana, aka jawo waya daga falo. Zuhura ta dawo daga rakiya ta tarar da fili fes.

Ta tambayi ina murhun uwarta.

Ya ce murhun uwarta ya shiga tarihi. Ya nuna mata ƴar na'urar mai jan haske ya ce ta gaishe ta, wannan ita ce ƙwaƙwalwar gidan daga yau.

Zuhura ta ce dama gidan ya daɗe yana neman guda.

Ran Asabar da hantsi ta gyara baho na farko, don ba ta da wata hanya. Ta lanƙwasa, ta soke, shi kuma ya jera a raga da safar hannu ta roba da ya taho da ita daga furoje. A ƙasan injin ya ga wani ɗan faranti na ƙarfe, ya zaro shi ya ce wannan tarkace ne, ya ɗora kofunan shayi a kai. Ya rufe ƙofa, ya ce bismillah, ya sa wuta. Lamba ta fito, arba'in da uku.

Nan take ya aika fada. Suka zo su biyar da butar shayinsu, suka zauna gindin itacen bedi suna kallon akwati. Lamba ta hau arba'in da biyar. Ya ce sun gani? Ta hau arba'in da bakwai. Ya ce sun gani? Alasan ya tashi ya kara kunne a jikin injin ya ce shi bai ji komai yana aiki ba. Mutumin ya ce ai shi ne bambancin kayan Turai da ganga, ba a jin su. Wani ya leƙa kwantar wuta, mitar da ke ƙirga lantarki, ya ce ko motsi ba ta yi. Mutumin ya yi dariya har da buga cinya, ya ce to wannan shi ne wurin da ilimi ya shigo, kifi yana gasuwa, kwanta tana barci. Ya yi masu bayani mai tsawo da ya haɗa da Japan.

Abin da bai sani ba, na'urar tana nan kan saitin mai kaji, talatin da takwas, zafin cikin kaza. Diffa kuwa a wannan watan ta wuce cikin kaza tun kafin hantsi. Na'urar ta ji garin ya riga ta yin aikin, ta kama bakinta. Ko sau ɗaya ba ta kunna wuta ba. Kifin yana rufe a akwatin ƙarfe, cikin rana, yana yin abin da ɗanyen kifi ke yi.

Da azahar ƙudaje suka fara sauka. Da la'asar ƴan fada suka ja tabarma zuwa ƙofar gida, daga nan zuwa tsallaken titi, daga nan kowa ya tuna yana da wani uzuri. Zuhura ta toshe hanci da gefen zane ta ce, "Maigida, a buɗe."

Ya ce a formasiyo an hana buɗewa kafin lokaci, zafi yana gudu.

Ta ce mutanen unguwa ma suna gudu.

Da ya buɗe, shi kansa sai da ya ja da baya taku huɗu. Tarwaɗar ta kumbura, ta yi kore, tsinkayen sun fita da kansu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce kifin Komadugu bai saba da na'ura ba. Zuhura ta juye kifin a baho. Ita da amalanke suka kai baho na farko bayan gari.

Ran Lahadi da sassafe ya je wurin Ishaku, ya ce na'urarsa ta banza ce. Ishaku ya saurara, ya tambayi lambar da ta nuna, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce ai ba za ta taɓa kunnawa ba muddin kan ƙarfen yana jin zafin da ya wuce na ƙwai. Sai ta ji sanyi take ba da wuta. Ya ce abin da za a yi shi ne a danna maɓallin hagu a riƙe, sannan...

Mutumin ya ɗaga mashi hannu. Ya ce ya isa, ya gane, dama abin da ya zarga ke nan. Ya fita kafin Ishaku ya rufe baki.

Duk hanya yana jinjina wa kansa. Sanyi take so. To wane ne a Diffa bai san yadda ake sanyaya abu ba? Ya iso gida ya zaro wayar daga cikin injin, ya yanko tsohon buhu, ya jiƙa, ya naɗe kan ƙarfen kamar yadda ake naɗe bidon ruwa, wato jarka, don ya yi sanyi, ya rataye a inuwa inda iska ke bi. Lamba ta sauko talatin da huɗu. Na'urar ta yi ƙas, ƙarfen zafi ya fara ja. Ya kira Zuhura ta zo ta ga abin da mijinta ya gano ba tare da kowa ba.

Sai ya lura buhun yana bushewa, lambar tana hawa. Ya tsaya ya yi tunani irin nasa. Ya jawo randar ruwan sha har gindin injin, ya jefa kan ƙarfen ciki, ya rufe da faifai. Lamba ta tsaya cak a ashirin da shida.

Zuhura ta gyara baho na biyu tana ƙunƙuni. Ta ce ya bari ta kai rabi wurin Habiba ta ari murhu, ko kwali ɗaya a tsira da shi. Ya ce ranar da matarsa ta shiga gidan Habiba da baho a ka, ranar zai sauke takardarsa daga bango. Ta ce ta ji, nauyin ƙusa ma zai ragu.

Ya jera kifi, ya rufe, ya ɗauko kujera ya zauna gaban lamba kamar mai kallon ƙwallo.

Na'urar kuwa, tana jin sanyin randa, ta ɗauka ƙwai na cikin hatsari. Ta buɗe wuta ba ta ƙara kashewa ba.

Bayan awa ɗaya ƙamshi ya tashi, mai daɗi. Ya aika fada cewa wanda ya gudu jiya ya dawo yau ya ji kunya. Mutum biyu suka zo. Bayan awa biyu man kifin ya fara tsartsatsi a ciki. Zuhura ta fito daga madafa ta ce tana jin ƙauri. Ya nuna mata lamba. Ya ce ashirin da shida, ko jariri a sa a ciki sai dai ya nemi bargo. Ta ce fentin ƙofar yana tafasa. Ya ce ita da na'ura wa ya yi karatu?

Can sai hayaƙi ya fara fita ta gefen ƙofa, baƙi, mai kauri, irin na tayar da aka ƙona. Maƙwabta suka shigo da bokitai. Mutumin ya tare gaban injin ya buɗe hannuwa, ya ce kada wanda ya zuba ruwa, komai yana tafiya daidai, ga shaida. Wani dattijo mai gemu ya sunkuya ya karanta lambar, ya ɗago ya dubi hayaƙin, ya sake duban lambar. Ya tambayi wayar nan da ta shiga randa me take nema. Mutumin ya ce fasaha ce, bayaninta zai yi wa dattijo nisa. Dattijon ya ce to shi dai a iya saninsa, ruwan randa ne bai ƙone ba. Zuhura ta zagaya falo ta zare wayar wutar injin daga bango.

Sai da injin ya yi awa guda yana hucewa kafin a iya taɓa ƙofar. Raga huɗu, kowace da zobba baƙaƙe a jere, an taɓa ɗaya ya zube. Alasan ya ɗauki guda ya juya shi, ya ce in Injiniya ba zai yi amfani da su ba, fada tana ƙarancin gawayin shayi.

Ran Litinin saura baho ɗaya. Zuhura ba ta nemi izinin kowa ba, ta je da ƙafarta ta taho da Ishaku. Ya zaro wayar daga randa yana girgiza kai, ya shanya ta, ya mayar da ita cikin injin, ya danna maɓallai ya saita tamanin. Sannan ya yanko salatif ya liƙe maɓallan duka. Ya ce wa Zuhura, ba mijin ba, kada kowa ya taɓa. Mutumin yana tsaye a gefe hannu a baya, yana gyaɗa kai, yana cewa tamanin, e, shi ma abin da zai sa ke nan.

Wannan karon injin ya yi aiki. Ya kunna, ya kashe, ya kunna, ya kashe, lamba tana wasa tsakanin saba'in da tara da tamanin da ɗaya. Ba ƙuda, ba ƙauri, ba kowa daga fada, don ba wanda ya amsa gayyata. Gab da magariba ya buɗe. Kifin ya gasu, ya bushe, bai ƙone ba. Ya ɗauko guda ya ɗaga sama kamar kofin gasa, ya zagaya tsakar gida da shi.

Zuhura ta karɓa ta duba. Fari ne fat, kamar wanda ya yi jinya. Ta shinshina, ba ta ji komai ba.

Ta ce, "Wannan ba banda ba ce."

Ya ce banda ce ta zamani, mai tsabta.

Ta ce matan Damagaram da hanci suke saye. Su ɗaga, su ga ja mai duhu, su ji hayaƙi, sannan su buɗe bakin zane. Wannan ko kyauta aka ba su za su tambayi ciwon da ya kashe shi. Ta nuna farantin da ke ƙarƙashin kofunan shayinsa ta ce tun ran Asabar take zargin wancan na zuba garin katako ne, don ya ba da hayaƙi. Ya ce ya sani, gwada ta yake.

Ran Talata bayan sallar asuba aka kira daga Sayam cewa Ya Falmata ta samu mota. Alhaji Maikano kuma ƙarfe tara yake zuwa, ba ya latti. Zuhura ta ce ko sa'a biyu kifin ya samu na hayaƙi zai yi kama da abin sayarwa. Amma ba ko sanda a gidan, itacen yana cikin tsiren mutane tun Juma'a. Ta yafa mayafi ta ce za ta je layin kafintoci ta roƙo garin katako, ya zauna, kada ya taɓa komai, kada ma ya yi tunani.

Ta fita. Ya zauna. Ya dubi agogo. Ya tashi.

Layin kafintoci da nisa, kuma ba sa buɗewa da wuri. Shi kuwa mutum ne da ba ya jira a cece shi. Ya ce wa kansa ai magana ɗaya ce, hayaƙi, kuma ba a ce lalle na katako ba. Ya shiga madafa, ba komai. Ya leƙa ɗakin tsohuwar, ba komai. Ya shiga ɗakin matarsa ya buɗe kabad, sai ga kwalabe uku manya a jere, cike da turaren wuta. Irin na Barebari ne na gaske, wanda ake jiƙa itacen da turaruka da sukari a bar shi ya tsumu wata da watanni. Ya Falmata ce ta haɗa wa ɗiyarta da hannunta, kuma Zuhura ɗan tsinke take sawa a kasko, shi ma sai ranar Juma'a.

Mutumin ya buɗe kwalba ya duba. Itace ne. An riga an farfasa shi ƙanana. Yana hayaƙi. Har ya ji haushin kansa da bai tuna tun jiya ba.

Ya kwashe kofunan shayi, ya juye kwalba ɗaya a farantin, ya ga kamar bai cika ba, ya ƙara ta biyu. Ta ukun ya ce barinta ita kaɗai ba shi da amfani. Ya tura farantin kan ƙarfen zafi, ya mayar da kifin raga, ya rufe, ya sa wuta.

Hayaƙi ya taso fari, mai nauyi, ya cika injin, ya fito ta gefe, ya bi tsakar gida, ya haura katanga. Cikin rabin sa'a layin gaba ɗaya ya ɗauka. Mata masu tafiya kasuwa suna rage sauri a ƙofar gidan suna tambayar juna ɗiyar wa ake kaiwa, kuma don me ba a gaya masu ba. Wata tsohuwa ta leƙo ta yi mashi Allah ya sa alheri, ta tambaya ko ya ƙara ne. Ya ce e, ya ƙara ilimi.

Ƙarfe tara saura ya buɗe. Sukarin turaren ya kama jikin kifin, ya yi ja mai duhu, yana sheƙi. Ko bandar tsohuwar ba ta taɓa yin kyan ido haka ba. Ya jera a kwali da hannunsa, ya cika guda ɗaya daidai, ya je ya sauko da takardar shaidarsa daga bango ya jingina ta a jikin injin, ya canza riga.

Su uku suka iso kusan tare. Motar Alhaji Maikano ta tsaya a ƙofa, Zuhura ta shigo da buhun garin katako a ka, Ya Falmata tana bayanta da ƙullin kayanta da ƙurar Sayam a ƙafa. Zuhura ta ja numfashi sau ɗaya, ta sauke buhun, ta wuce ɗakinta da sauri. Aka ji ƙarar kabad. Ta fito da kwalabe uku wayam, ta tsaya riƙe da su.

Ya Falmata ba ta dubi kwalaben ba tukuna. Wurin da gangunanta suke take kallo.

Alhaji ya yi mata gaisuwar rasuwa, sannan ya tambayi kaya. Mutumin ya yi gaba ya ce yau shi ke da magana. Ya nuna kwali. Alhaji ya ce uku yake ɗauka. Mutumin ya ce wannan ɗayan ya fi ukun, an yi shi a digiri tamanin cif, ba ƙari ba ragi, ga lamba, ga takarda. Alhaji ya ce shi bai taɓa buɗe kayan gidan nan ba, amma yau zai buɗe.

Ya buɗe. Ya ga launi, fuskarsa ta ɗan saki. Ya ɗauki guda ya kai hanci. Ya sauke. Ya sake kaiwa. Ya gutsiri kaɗan ya sa a baki, ya tauna sau biyu, ya juya gefe ya tofar, ya nemi buta. Da ya gama kurkure baki ya shinshina yatsunsa, ya ce yanzu in ya koma gida da hannun nan sai ya yi rantsuwa kafin a ba shi abinci. Ya dubi Ya Falmata ya ce ta yi haƙuri, ta san maganarsu. Ya leƙa waje ya ce wa direba ya ja mota ƙofar Habiba.

Mutumin ya bi shi har zaure yana cewa a kai Damagaram a gwada, sabon abu ne, masu ilimi za su gane. Alhaji bai waiwayo ba. Mutumin ya dawo tsakar gida, ya ga ba wanda ya rage sai surukarsa da matarsa. Ya rusuna ya ce, "Ya, ke kin san aiki. Ki duba da kanki. Ki faɗi gaskiya, a shekara talatin kin taɓa fitar da irin wannan?"

Tsohuwar ta ajiye ƙullinta. Ta sunkuya kan kwalin, ta ɗauki tarwaɗa ɗaya, ta juya ta ciki da baya, ta kai hanci ta daɗe. Sannan ta mayar da ita a hankali, ta gyara mata kwanciya cikin ƴan uwanta, ta juya wajen ɗiyarta.

Ta ce, "Zuhura, tambayi mijinki. Tunda ya gama yi mata turare, gidan wa za a kai amaryar?"